Ɗinkin Haske

A ɗakin gwaji na kwalejinmu, a Da Nang,
warin narkakkiyar dalma ya kama rigata.
Malam Luc ya ɗora mini zaren gilashi a tafin hannu,
bai kai kaurin gashin gira ba.
"Khue, riƙe numfashi," in ji shi,
"haske ba ya yafe wa datti."

Sau bakwai na yanka, sau bakwai na'ura ta ƙi.
A na takwas hannuna ya tuno
yatsun Baba da asuba a bakin teku,
yana ƙulle taru inda kifi ya yaga,
idonsa na kan gajimare, ba kan ƙullin ba.

Daren da guguwa ta kayar da ƙarfen sabis na unguwarmu,
Inna ta zauna da waya a cinya
kamar mai tsaron tukunyar da ba wuta.
Jirgin Baba bai shigo ba.
Na san sunan kowace na'urar da ta mutu tsakaninsu,
na iya zana hanyar a takarda,
amma sanin bai dawo mana da ko ɗigon sabis ba.

Ya iso ranar Laraba, gishiri a gemu,
yana tambayar shinkafa.

Yau na haɗa zare da zare,
allo ya nuna kore.
Malam Luc ya gyaɗa kai kawai,
ya wuce wurin Tuyen,
wanda ya sake ƙona yatsa.