Ina Mai Shara Ya Shiga?

Yau Irmeli Tolvanen ta ajiye aiki.
Ni aka bar wa firiza in jera,
ni Reijo, mai wanke mata kwalabe
tun shekarar da tafkin Kallavesi ya yi jinkirin daskarewa.

Sanyin ciki ya fi na waje mugunta,
yana cizon yatsa ta cikin safar hannu.
Kowane ɗan bututu da rubutunta,
karkatacce, kamar sawun tsuntsu a kan ƙanƙara,
ba guda ɗaya da ta yarda a kai shi ga zubarwa.

A zamaninta kowa tabo yake ƙirgawa,
dunƙulen furotin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai mantuwa.
Ita ta ce, ku daina kallon bola,
ku tambayi ina mai shara ya shiga.
Cikin kowace ƙwayar halitta akwai 'yar jaka mai tsami
da ke haɗiye tarkace ta narkar.
In tsamin ya ragu, sai gida ya cika,
ɗaki bayan ɗaki,
har mai gidan ya rasa hanyar wucewa.

An yi mata dariya a taro biyu.
Takardarta ta dawo sau huɗu, jajur da biro.
Ta soke su a ƙusa bayan ƙofa,
ta ce, Reijo, ɗora mana kofi.
Ruwa ba ya tsami banza,
kuma ba banza yake salancewa.

Bututu na saba'in da uku: Veikko, masunci.
Ya manta sunan 'ya'yansa uku,
ya manta cokali, ya manta hanyar tafki,
amma hannunsa bai manta ɗinkin koma ba.
Matarsa Hilkka ta sa hannu a takarda,
ta dawo bayan wata shida da kifi gasasshe cikin burodi,
ta ce tana son ganin mijinta.
Irmeli ta ja mata kujera gaban madubi,
ta kashe fitila.
Ɗigo-ɗigo kore, kumburarru, sun cika duhu.
Hilkka ta ce, wannan ne ya cinye sunana?
Irmeli ta ce, a'a.
Wannan shi ne ya yi ta shara
shekara ashirin, shi kaɗai, kafin gazawa.

Ɗalibanta sun watsu.
Oona na Osaka, Tapani na Porto,
wata Maite ta koma Valdivia da littafin awonmu a jaka.
Duk inda suke, da auna tsami suke farawa.
Mutumin da ya fi kowa dariya a taron farko
yanzu sunanta ne a layinsa na buɗewa.

Magani dai babu tukuna.
Ita ce ke fara faɗa, kafin a tambaya:
ban warkar da kowa ba,
ƙofa na nuna, ba ni da mabuɗinta.

Da la'asar, rana ta riga ta faɗi,
ta shigo da rigar sanyi, gashinta duk fari.
Ta tsaya, ba ta taɓa komai ba.
Ta ce, sabuwar yarinyar ba ta iya karanta rubutuna,
sake musu lamba da hannunka.
Na ce, in sa sunanki a murfi?
Ta ce, sa nasu a littafi.
Fara da Veikko.
Yi sauri, rufe ƙofar, suna narkewa.