Wankin Ido a Ushiku

Sau ɗaya a shekara Tsuneo ke hawa.
Igiya a ƙugu, burushi a hannu,
ya ɓullo ta 'yar ƙofa a tsakar kan Buda na tagulla,
ya zuro kamar gizo-gizo
har gaban idon da ya fi shi tsawo.

Kashin tsuntsaye, sawun ruwan sama,
hawayen da ba na kuka ba,
duk ya kankare.

Can ƙasa gonakin shinkafa sun koma tabarmi,
motocin baƙi ƙwayar wake.
Matarsa Fumie na tsaye can, ya sani,
ta ƙi ɗaga kai.

Ya raɗa wa idon:
"Kai mai kallon kowa,
ka hango wadda ta kasa kallonmu?"

Iska ta juya shi sau biyu.
Ya sake jiƙa burushi.