Sandar Awo a Bakin Logon

Ni ne mai duba sandar awo a Kusiri,
wadda aka dasa a gindin gada,
mai jan zane da baƙin zane.
Kullum da asuba ina sauka da tocila
in tambayi kogi yadda ya kwana.
Ba ya gaisuwa. Lamba yake ba ni.
Jiya ya haura taƙi guda,
yau ya ƙara yatsu huɗu.

Barira 'yata ta miƙo mini waya:
"Baba, dubi abin da ke tafe."
Wani jan tabo a kan taswira,
kamar manja ya zube a tabarma,
yana rarrafowa daga gabas.
Da hantsi ya tsallake Mongo,
da la'asar ya yi ƙiba,
da magariba ta ce, "Ya karkato."
Kowace sa'a tana latsa gilashi,
sai ka ce mai taɓa goshin majinyaci.

Unguwa ta tashi.
Alifa ya ɗora awakinsa a tudun makaranta,
Falmata ta kwashe banda daga kan raga,
samari suna cika buhu da yashi,
buhun da aka sayo sefa ɗari biyu
yau ya zama ɗari biyar.
Tururuwa ma, da ba ta da waya,
na gan ta tana hawa bango da ƙwai a baki.

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta
ka shafa wa naka ruwa.
To, mu da gemun ɗan'uwa ruwa ne ya ci,
me za mu shafa?

Tsakar dare hadari ya iso.
Cida ta yi gurnani a kan Injamena,
walƙiya ta ƙirga mana rufin kwano ɗaya ɗaya,
iska ta ɗauke wandon Tanko daga igiya.
Sai abin ya tsage biyu kamar goro,
rabi ya yi arewa, rabi ya bi daji.
Yayyafi kawai muka samu,
ko ƙura bai gama kashewa ba.

Gari ya waye ana dariya.
"Ina ruwan naka, mai sanda?"
Alifa ya sauko da awaki,
Falmata ta mayar da kifi rana,
Barira ta kife waya, ta yi barci.

Ni dai na sauka gindin gada.
Sama fes, ko gajimare babu,
amma jan zanen da na bari jiya a fili
yau sai da na sa hannu na laluba shi.

Ba su sani ba,
ruwan da ke cin gida ba shi ne mai tsawa ba.
Ya zuba tun kwana goma a Mundu,
a kan mutanen da ban san sunansu ba,
ya kwana a Bongor, ya ɗebi ciyawa,
yana tafe a hankali kamar mai bin bashi.
Shari kuma ya cika, ya tsaya a mahaɗa,
ya ce wa Logon, "Babu wuri."
Kogin da aka hana hanya
ƙofar wa zai ƙwanƙwasa?

Na rubuta lambar a littafi,
hannuna ya ɗan yi rawa a kan bakwai.
Na biya ta jinga, na taka ta da dunduniya,
ta yi laushi kamar tuwon jiya.

A gida ban tashi kowa ba.
Na ɗora buhun dawa a kan tebur,
na naɗe takardun fili a leda,
na kwance kwalekwale daga gindin tsamiya
na ɗaure shi a ƙyauren ɗaki.
Maƙwabta suna kallo ta katanga.
Rana tana dukan ƙeyata,
ni kuwa ina ɗaure igiya, ƙulli biyu.