Ƙafafun Rana

Da suka zo, ba su tambayi sunana ba,
hanyar Sandamu suka tambaya.
Farar mota, tambarin rana a ƙofarta,
bayanta tirela cike da gilasai.
Na nuna musu da sandar walda,
na koma kan ƙyauren da nake ɗinki.

Shekara goma sha tara ina bakin titin nan na Daura.
Janaretana ya san tarina, na san nasa.
Rabin abin da na samu shi ke shanyewa,
ragowar mu raba da mai shago.

Mako uku, sai labari ya zagayo:
ƙafafun da za a ɗora gilasan a kai
sun maƙale a tashar ruwa,
takarda ta hana takarda wucewa.
Gilasai na jingine a fili,
awaki na zuwa duba fuskarsu.

Barira mai ƙanƙara ce ta zuga ni:
"Talle, kai da ka ƙera gadajen asibiti,
teburin rana ne zai gagare ka?"

Injiniyar 'yar Funtuwa ce, Nuratu.
Ta dubi tabon wuta a hannuna,
ta ce, "Mu da ma'auni muke aiki."
Na ce, "Ni ma da shi nake cin tuwo."
Ta miƙo zane:
ya ɗan rusuna, fuskarsa ta kalli kudu.

Na farko ta dawo min da shi.
Wai ɗinkin ya yi ƙuraje,
iskar farkon damina za ta yi gaba da shi.
Ranar ko shayi ban sha ba.
Da asuba na duba da fitila,
ashe gaskiyarta ce.
Na biyu ta hau shi da takalminta, ta yi tsalle,
bai ce uffan ba.

Sai maganar kuɗi.
Manaja ya zo da kwat cikin zafin nan,
ya ce biya sai bayan kwana casa'in,
ya kuma kira abin "tallafi".
Ban tafi ni kaɗai ba:
ga Lado mai fenti, ga Mamuda mai bulo,
ga Sahabi da kurarsa ta ruwa.
Mamuda ya ce, "Ranka ya daɗe, goge wannan kalma.
Ba roƙo muka zo ba, ciniki ne."
Na ce, "Dillalin ƙarfe a Kano
ba ya jiran wata uku ko ga ɗan'uwansa.
Rabi yanzu, rabi in an kafa.
A koya wa yaranmu biyu haɗa waya,
gyara kuma ya zama namu.
A rubuta da Hausa, mu karanta da idonmu."

Ya yi dariya, wai da ɗan gari akan ci gari.
Lado ya ce, "Haka ne,
muddin ba ɗan garin za a cinye ba."

Aka yi shiru har muka ji kukan kurciya.
Ya ciro biro.

Ɗari biyu da arba'in muka ƙera.
Yanzu ƙanƙarar Barira na kai wa Magariba,
injin Sahura na niƙa ba hayaƙi,
janaretana na kwance cikin buhu
kamar tsohon da aka sallama daga aiki.

Ba duka ne ya yi daidai ba.
Cikon kuɗin ya makara da kwana arba'in,
sai da na kira har lambata ta gundure su.
Ɗaya cikin yaran da aka koyar
ya kwashi iliminsa ya tafi Abuja.

Baƙi in sun zo, gilasan suke ɗauka hoto,
ba mai sunkuyawa ya ga abin da ya riƙe su.
Ni nakan sunkuya.
Jiya a layi na huɗu, ƙafa ta bakwai,
na ga tsatsa kamar ƙwayar gero.
Na gaya wa Lado. Gobe da sassafe,
kafin ƙarfen ya ɗau zafi.