Saura Uku

Lahadi bayan sujada, a gindin gadar Oshodi,
danfo ta tsaya cik, kwandasta na rataye a ƙofa
yana lissafin canji da bakinsa.
Kyauta, 'yata mai shekara tara, ta ja mini hannun riga:
"Baba, su huɗu ne fa.
Uba da uwa da 'ya'ya maza biyu.
Wan ya kashe ƙanen a gona, saura uku.
To da ya gudu, wa ya aura?"

Na ce ki tambayi Malam Sila.
Ta ce ta tambaya, ya ce ta haddace ayarta tukuna.

Na san amsar dattawan ikkilisiya:
ƙanwarsa ce, in ji su, ai an haifi mata daga baya,
shekarun mutanen dā dogaye ne kamar hanyar Sakkwato.
Wataƙila haka ne.
Amma Dogara mai gadi, da ke zama a bencin baya,
ya taɓa raɗa mini: to tsoron wa ya ji?
Mutum ya ce za a kashe shi a hanya,
alhali hanyar ma ba a taka ta ba.
Aka sa masa shaida a jiki.
Shaida don idon wa?

Kuma ya gina birni.
Nan ne kullum nake tuntuɓe.
Na yi lebura a Lekki shekara shida,
na san bulo ba ya hawa bene da ƙafarsa.
Wa ya kwaɓa ƙasar? Wa ya ɗebo ruwa?
Wa ya sayar wa magina ƙosai da safe?
Littafi ya ba da sunan jaririn, ya ba da sunan garin,
ya tsallake uwar kamar kwata.

Ban gaya wa Kyauta yadda na zo nan ba.
Kan iyakar gona ne, ni da ƙanena Jatau,
ƙotar fartanya ta sauka a kafaɗarsa.
Bai mutu ba. Har yau hannun ba ya ɗaguwa.
Na hau bayan tirelar tumatir da dare,
ina zaton duniya ta ƙare a Funtuwa,
gari ya waye sau biyu, sai ga Mile 12:
kai, kai, kai, har inda ido ya gaji,
ba wanda ya san babana,
ba wanda aka ambata mini a gida.
Suna nan tun kafin in zo, suna ciniki.

A cikinsu wata ke sayar da wake da burodi.
Ta ba ni bashi kwana goma sha ɗaya
ba ta tambayi abin da ya koro ni ba.

A ƙauyenmu, a farin shafin farko na Littafin babana,
inda yake rubuta haihuwa da mutuwa da jan biro,
an sa: Ya tafi Ikko. Ya yi aure. Ya haifi mace.
Na gani da idona da na je jana'izarsa.
Tsohon ba ƙiyayya ya yi ba,
harshensa ne ya kasa juya Morenike,
hannunsa kuma ba ya rubuta abin da baki bai faɗa ba.

Wani yaro ya miƙo ruwan leda ta taga.
Mai wa'azi ya tashi a kujerar tsakiya, ya gyara murya,
hon ya haɗiye shi.
Na duba sama: dubban ƙafafu na ƙetare gadar,
ko masu ƙidaya da allinsu sun bar wasu a ƙarƙashinta.

"Baba, ba ka amsa ba."
Na ce ban sani ba, Kyauta. Ba a rubuta ba.
Ta yi shiru har muka wuce Ikeja,
goshinta a jikin gilas, tana motsa leɓe.
Can ta ce, "Amma ta dafa masa abinci ko?"
Na ce da alama.
"To tana nan ke nan."

Kwandasta ya buga jikin mota: Agege!
Muka sauka. Uwarta na bakin layi,
ta ɗora tukunya, tana yi wa wani baƙo kwatance.