Barandar Asibiti a Hull

Daga ɗakin hoto zuwa ɗaki na tara
mita ɗari da ashirin ne, da ƙafata na auna,
miƙe sambal kamar zaren magini,
ba kwana, ba gangara, sai fitilu a jere.

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da alli a Malumfashi.
In ja layi a allo, in ɗiga ɗigo,
in ce, yara, ga mafari, ga maƙura,
a raba nisa da lokaci, gudu ya fito.
Yau ni ne ɗigon.
Gado nake turawa, da mutum a kai.

Abin da ke tsaye, tsayuwar yake so.
Na faɗa ya fi sau dubu, ashe a baki na san shi,
sai da na kafa kafaɗa a gadon Mista Holroyd,
tsohon masunci, kilo ɗari da ɗoriya,
tayoyi huɗu suka ce ba inda za su.
Taku ukun farko ke cin ƙarfi.
Daga nan gado ya kama hanya,
sai lallashi da 'yan yatsu,
mita guda kowace daƙiƙa, ba ƙari, ba ragi.

Yana kallon rufi ya ce da ni,
in ya lumshe ido bai san ana tafiya ba.
Na ce haka ne, jiki ba ya jin gudu,
sauyinsa yake ji, tashi da tsayawa.
Ya yi tari, ya ce jirgin ruwa ma haka,
sai ya doshi gaɓa ake sanin nauyinsa.

Da gaskiyarsa.
Abin da ke tafe, tafiyar yake so.
Tun daga injin sayar da shayi nake fara ja,
dugadugai a ƙasa, ina rage masa kaɗan-kaɗan,
kada ƙofa ta sha karo,
kada ɗinkin cikinsa ya ji.

Da asuba agogon hannu ya ce kilomita sha huɗu.
Ga ni gaban ƙugiyar da na rataye rigata jiya,
wuri ɗaya, tayil ɗaya mai tsaguwa.
Da Lantana ta layin gaba tana nan
da tuni ta ɗaga hannu:
Malam, wanda ya dawo inda ya tashi,
gusawarsa sifili ce.
Ni na koya mata, na ba ta goma bisa goma.
Sai dai agarata ba ta sa hannu a wannan lissafi ba,
kuma tsoho yana can ɗaki na tara yana minshari,
ba inda na same shi ba.

Na zuge rigar sanyi, na fita jiran bas.
Ruwan Hull na saukowa a karkace,
shi bai halarci darasin ba.