Taku Ɗari Uku da Goma Sha Biyu

Daga bakin ƙofata zuwa inda bututun ya tsaya
taku ɗari uku da goma sha biyu ne.
Zlatica ce ta ƙirga, 'yata, tana aji uku,
bokiti a hannun hagu, na dama cikin aljihu.
Ran da ƙanƙara ta rufe gada
takun yakan ƙaru, don ƙafa ma tana jin tsoro.

An ce kuɗi sun taso daga Burasel,
sun kwana Bratislava, sun sha shayi,
sun hau jirgin ƙasa sun nufo gabas.
Duk tashar da suka tsaya sai su ɗan rame.
Da suka iso Vrbina
abin da ya rage ya sayi rabin bututu
da allo guda mai shuɗin fenti,
taurari sha biyu sun yi da'ira,
ga sunanmu, Roma, an rubuta shi daidai.
Wannan kam ban yi ƙorafi ba.

Tsarin ƙasa, in ji takardar. Shekara goma.
A jawo mu cikin jama'a.
To, da can ina muke?
Kakana Gejza ne ya ƙera ƙyauren cocin nan,
babana ya zuba kwaltar da suke bi da mota.
Yau mai haƙa rijiya ake nuna wa hanyar ruwa.

Sun kai mu otal, kwana biyu, mu sha huɗu.
Wata baiwar Allah mai tabarau da murya mai daɗi
ta haska mana a bango yadda ake wanke hannu.
Na sa hannu a takarda sau uku:
na zuwa, na cin abinci, na cewa na gamsu.
A banɗaki na murɗa famfo,
na tsaya kallonsa kamar mai kallon biki,
har Irma ta buga ƙofa ta ce ko lafiya.

Magajin gari ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya.
Ya shimfiɗa mini taswira a kan teburinsa,
ya ɗora yatsa inda gidajenmu arba'in da ɗaya suke.
Wurin fari fat.
"Aranka, doka ba ta yarda a binne bututu
a filin da ba shi da takarda ba."
Na ce cibiyata a nan aka binne ta,
ba wanda ya nemi takarda.
Ya ce kuɗin rajistar fili suna wata ma'aikatar,
sai zagaye na gaba, in an buɗe.
Ragowar na bututu kuwa an mayar tun Disamba
tunda ba a kashe ba.
Ashe kuɗi sun fi ruwa sanin hanyar gida.

Ba na cewa ba a yi komai ba.
Akwai motar makaranta yanzu.
Akwai Malama Viera, da ta kafe
ba za a kai Zlatica ajin baya ba,
ajin da ake tara masu irin fatarmu.
Ɗan Irma ya samu aikin shara wata tara,
a na goma shirin ya ƙare,
har tsintsiyar aka karɓe.

Jiya da dare yarinyar ta zauna gefen murhu
tana lissafi a bayan takardar otal:
zuwa da dawowa, sau huɗu a yini, sau kwanakin shekara.
Ta ɗago kai ta ce,
"Mama, cikin shekara uku da mun kai Burasel a ƙafa."
Na yi dariya har miya ta kusa ƙonewa,
sannan na daina.

Alhamis majalisar gari za ta zauna, ƙarfe biyar.
Na wanke bokitin, ba zan cika shi ba.
Zan ɗora shi kan taswira, daidai farin wurin,
in ja kujerar gaba in zauna
har a zo kan batu na bakwai.